Gidan Kawu Delmer a Kan Gada

Shekara biyu Wanda Caudill ta yi tana cike takardu kafin amsa ta zo daga Frankfort, babban birnin jihar Kentucky, amsar kuma layi uku ce. Hukumar da ke raba kuɗin raya yankunan da aka bari a baya ta gode wa garin Tandy, ta yi masa fatan alheri, sannan ta sanar da shi cewa ba ya cikin matalauta.

Wanda ce sakatariyar gari, ita ce kuma mai kula da gidan waya, don haka ita ta rubuta takardar neman, ita ta manna mata kan sarki, ita ta karɓi amsar ta miƙa wa kanta. Bututun ruwa suka nema. Tun da aka rufe mahaƙar kwal, famfunan Tandy ke zubo da wani abu mai launin shayi da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutum ɗari da tamanin da shida suka rage a garin, rabinsu tsofaffi masu tari.

Ta buga lambar da ke ƙasan wasiƙar. Wani Mista Pruitt ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, anya ba ku rikita mu da wani gari ba? Tandy fa nake faɗa maka. Magajin garinmu faci yake yi."

"Babu rikici, madam. Muna haɗa abin da kowa ya samu a shekara, mu raba da yawan kawuna. Naku ya haura layin talauci nesa ba kusa ba. Ina ma taya ku murna."

Tana ajiye wayar ta leƙa ta taga, idonta ya faɗa kan gidan da ke tsallaken titi. Kawu Delmer na zaune a baranda cikin kujerarsa mai lilo, yana ɓare gyaɗa. Nan take ta gane.

Delmer Napier ƙanen mahaifiyarta ne, shekararsa tamanin da ɗaya. Gadon da ya ci a duniya wani tsauni ne mai duwatsu wanda ko akuya ba ta kiwo a kai. Bara wani kamfani ya tono iskar gas a ƙarƙashinsa, tun daga nan ake aiko masa da kusan dala miliyan biyu a shekara. Bai canza ko takalmi ba. Wake da burodin masara yake ci, yana kora su da ruwan famfon nan.

Ta tsallaka ta zauna a matakala. "Kawu, ashe ka azurta mu."

"Ni? Wa na ba ko sisi?"

Ta yi masa bayani. Ya daɗe yana tauna gyaɗa, sannan ya ce, "To a sa bututun, in biya."

"Miliyan tara ne. Kuɗinka bai kai ba."

"In raba wa mutane, kowa ya ɗauki nasa."

"Ko ka raba, jimlar ba ta canzawa."

"In cinna musu wuta?"

"Sun riga sun shigo hannunka, an rubuta."

Ya zubar da ɓawon da ke cinyarsa. "Wato dai in mutu."

"Haba Kawu, wa ya ce haka?"

"Hobart zai ce. Ki jira."

A taron da aka yi a garejin motar kashe gobara, Hobart Combs, magajin gari mai faci, bai ce a mutu ba. Ya dai tambayi lafiyar Delmer sau biyu, har matarsa ta zungure shi. Daga nan ya kawo shawarar a sake zana iyakar gari, a kewaye gidan tsohon a bar shi waje. Wanda ta sake kiran Mista Pruitt a gaban jama'a, ya ce doka ba ta yarda gari ya yi rami a tsakiya ba.

Vester Begley ne ya ɗaga hannu daga baya. Sana'arsa ɗaukar gidajen katako a kan tirela. "Ku dakata. Ba inda mutum ya kwana ranar ɗaya ga Afrilu suke ƙirgawa ba? Ga garin Sorrel can tsallaken rafi, tafiyar minti biyar. In ɗora gidan, ya kwana ɗaya, in dawo da shi. Ko kofinsa ba zai zube ba."

Kowa ya juya ya kalli Delmer. Wanda ta ji kunya ta rufe ta, don a gidan nan aka haifi uwarta.

"Sharaɗi ɗaya," in ji tsohon. "Ba na tashi daga kujerata."

Ranar talatin da ɗaya ga Maris da hantsi aka ɗaga gidan. Ya bi babban titi a hankali, hayaƙi na fita daga bututun murhu don an bar wake a wuta, kaji uku na kan rufi, Delmer na lilo a baranda yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Wanda na biye a ƙafa, riƙe da akwatin wasiƙunsa da aka tumɓuke.

Tirelar ta kai tsakiyar gada ta tsaya. Mutanen Sorrel sun gindaya motar makaranta a ɗaya bakin, a gabanta kuma ga shugabar garinsu, Arbutus Feltner, riƙe da ƙugu. Ashe su ma sun nemi kuɗin asibiti a wurin hukumar nan, kuma labari ya riga tirela isa.

"Ku mayar da attajirinku!" ta ɗaga murya. "Talaucinmu da guminmu muka same shi, ba wanda zai zo ya lalata mana shi a kwana ɗaya."

"Arbutus, ki ji tsoron Allah," in ji Hobart. "Tsoho ne fa. Baƙo."

"Kai da ka ji tsoron Allah ka ɗoro shi a mota kamar itace? Sannu, Baba Delmer, ba da kai nake ba."

"Sannu 'yar nan. Ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi, Baba. Vester, ja da baya!"

Vester ya leƙa madubi, sai ya ga Hobart ya riga ya sa an gindaya motar kashe gobara a bakin Tandy. Ya kashe inji, ya sauko, ya kunna taba.

Wanda ta hau barandar, idonta ya ciko. "Kawu, ka yafe mini. Ni na jawo."

"Shekara tamanin ina talaka, ko'ina na shiga sai a jawo mini kujera," ya ce. "Yau na yi kuɗi, gari biyu na wasan tura-tura da ni. Shiga ki duba waken nan, kar ya kama."

Kwana goma sha tara gidan ya yi a nan kafin wani daga gwamnati ya leƙo. Gidan ya cike gadar daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ko kare ba ya raɓawa ta gefe. Duk mai son tsallakawa sai ya shiga ta ƙofar gaba, ya ratsa falo, ya fita ta kicin. Delmer ya kafa doka a riƙa goge ƙafa. Matan garuruwan biyu, don kunya, suka dinga aiko da abinci har ya fara ƙiba. Ya sa ƙugiya ta tagar ɗakin kwana yana kama kifi daga kan gado. Da wata tsohuwar Sorrel ta rasu, maƙabartar danginta kuwa tana Tandy, ta falon aka bi da akwatin gawar, sai da aka jingine shi a tsaye aka matsar da talabijin.

Mista Pruitt ya zo da kansa, siriri mai tabarau, riƙe da abin awo. Ya auna daga baranda zuwa bakin Tandy, ya auna daga kicin zuwa bakin Sorrel. Jama'ar garuruwan biyu sun cika gaɓa, ba mai tari ma. Ya zauna a teburin Delmer ya baje taswira, aka zuba masa kofi, ya kurɓa ya ture kofin a hankali.

"Da me kuka dafa wannan?"

"Da abin da muka rubuto muku a kai," in ji Wanda.

Ya koma kan taswirar. Can ya ɗago. "Madam, gadar nan ba ta Tandy ba ce. Ba ta Sorrel ba ce kuma. Ta jiha ce. Duk wanda ya kwana a kanta, a kan jiha ya kwana."

"Ma'ana?"

"Kuɗinsa za a raba da mutanen Kentucky duka, miliyan huɗu da rabi." Ya danna na'urar lissafi. "Kowa ya ƙaru da santi arba'in da wani abu. Ku kuwa, ina baƙin cikin sanar da ku, duka biyun kun koma ƙasan layi."

Wanda ta fita baranda ta faɗa da ƙarfi. Gaɓa biyu suka ɗauki sowa. "Mun talauce! Mun talauce!" Hobart da Arbutus suka rungumi juna a tsakiyar falo, aka buga ƙararrawar coci.

Mista Pruitt ya jira hayaniyar ta lafa, sannan ya ƙara da cewa hukuma na sa ido tsawon shekara biyar. In tsohon ya sauka da arzikinsa a ɗaya daga cikin garuruwan kafin nan, garin zai mayar da kuɗin.

"Motata fa?" in ji Vester.

Daga baya Delmer ya saya masa sabuwa, abu na farko da ya taɓa kashe wa kuɗin nan.

Masu kula da hanyoyi sun zo su kore shi, suka tarar gidan na kan tayoyi. A littafinsu abin da ke kan tayoyi mota ce, sai suka manna masa takardar lalatacciyar mota a ƙofa suka tafi. Wanda kuwa, da hannunta ya riga ya faɗa da cike takardu, ta gano akwai wani asusun na garuruwan da ba hanyar mota a tsakaninsu. Ta rubuta gaskiya tsantsa, ta haɗa da hoto. Aka gina musu sabuwar gada mai layi biyu, taku ɗari ƙasa da tsohuwar.

Ruwa ya iso Tandy a kaka ta biyu. Asibitin Sorrel ya buɗe da nas ɗaya da likita mai zuwa ran Talata, mutanen Tandy ma can suke kai tarinsu. Wata mata ta dawo daga Ohio ta buɗe wurin wanki da guga, iyalai shida suka biyo bayanta.

A shekara ta huɗu rijiyar gas ta ƙafe. Kamfani ya aiko da wasiƙar godiya, Delmer ya koma kan ɗan fanshonsa na mahaƙa. A lokacin garuruwan biyu na neman kuɗin makaranta, kowane kan talaka yana da daraja. Arbutus ta zo ta ƙofar kicin da gasasshiyar kaza da alkawarin fili kusa da asibiti. Hobart ya turo Wanda ta ƙofar gaba, wai ai jini ya fi ruwa kauri, ya ce ta gaya masa za a sa wa titi sunansa.

Delmer ya saurare su duka, ya ci cinyar kazar, ya suɗe yatsunsa.

"Ku gaishe su," ya ce. "Na gode. Amma nan ba sauro, kuma duk wanda nake son gani sai ya bi ta falona, ko da sabuwar gadar, don nan ya fi kusa da coci."

"Kawu, me zan ce wa Hobart?"

"Ki ce masa lafiyata ƙalau, tun da ya damu da ita."

Ya naɗe mata kifi biyu a jarida. Ta fita ta gaba, Arbutus ta fita ta baya da farantinta.