Birkin Mutum Ashirin da Ɗaya

Ranar Asabar ce a farkon Afrilu, ana yayyafi, hazon teku ya haɗiye ƙololuwar layin katako na jirgin hawa-da-gangara a filin shaƙatawar garinmu. Aikin mai birki a jirgin shi ne aikina na shida tun da na bar makaranta, kuma mahaifiyata ta rantse in wannan ma ya kuɓuce, in nemi wani wurin kwana.

Jirgin tsoho ne, ba ya tsayawa da kansa. Mai birki yakan tsaya a tsakiyar fasinjoji da sandar ƙarfe a hannu, ya ja daidai nauyin mutanen da ya ɗauko. Mogens ya shekara talatin a kansa kafin ciwon gwiwa ya sauko da shi, shi ne ya koya mini.

"Troels, ka ƙirga kawuna kafin ka tashi," in ji shi, yana hura kofinsa. "In kun fito daga ramin nan mai duhu da layin ke ratsawa, ka ƙara birkin mutum ɗaya."

"Wa zai hau a cikin rami, tsoho? Ɓera?"

"Na taɓa tambayarsa suna ne? Ja kawai, mai taurin kai."

Sau uku na bi maganarsa, sau uku muka tsaya cif a tasha. A na huɗu na hango shi a ƙasa yana dariya da Bodil mai yanka tikiti. Na ce a raina, zolayar sabon shiga ce. Na ƙirga, mutum ashirin, kujeru sun cika, sai 'yar kujerar mai birki da ke bayana, wadda ba wanda ke zama a kai.

Muka hau cikin hazo, muka gangaro, ihu ko'ina. Muna shiga rami ihun ya ɗauke. Na ji jirgin ya ɗan nutse, kamar kwalekwale in wani ya tako ciki. Warin jiƙaƙƙiyar riga ya doki hancina, numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyata. Ban waiwaya ba. Da haske ya dawo, na cije, na ja birkin mutum ashirin.

Jirgin ya ƙi ji. Muka wuce tasha, na ga bakin Mogens a buɗe, sannan muka daki shingen ƙarshen layi.

Mutum ashirin suka sauka da ƙafarsu. Mogens ya ɗingiso, bai dube ni ba. Ya aza tafinsa a kan 'yar kujerar, sannan ya kamo hannuna ya aza. Da ɗumi take.

"Ka yi haƙuri," ya ce. Ba da ni yake ba.

Abin da aka rasa: katako huɗu, tabarau ɗin wata mata, haƙorana biyu, aikin, da ɗakina a gidan mahaifiyata.