Igiyar Shanya da Tabon Rana

"Wa ya kwance mini igiya?"

Mai wanki ta san amsar tun kafin ta rufe baki. Ga zannuwan gadon mutane guda huɗu yashe a ƙasa sun kwashi datti, ga tsohon can a kusurwar gabas ya sunkuya kan bututunsa kamar bai ji ba.

"Kin tare mini rana," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

"Ranar ta gidanku ce? Gadonta aka bar maka?"

Shekara goma sha takwas ke nan suna wannan ɗauki-ba-daɗi a saman benen da suke zaune. Shi tsohon ma'aikacin gidan nazarin taurari ne, amma unguwa Mai Bututu ta san shi, saboda madubin hangen nesan da yake kafawa kullum ƙarfe bakwai na safe. Ba ya sa ido a ciki. Farar takarda yake tarawa a bayansa, hoton rana ya sauka a kai, ya bi ƙananan baƙaƙen tabon da ke fuskarta da fensir. Wai aiki ke nan! Ita kuwa da hasken nan take ci, kuma kusurwar gabas ce ke fara samunsa. Ta tsane shi, tsana ta gaske, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ran nan bakwai ta yi, bai hau ba. Tana wucewa da bahonta ta ji muryarsa ta taga, a shaƙe.

"Ke, Mai wanki. Ƙafa ta ƙi. Hau ki zana mini."

"Ni? Baiwarka ce ni?"

"Kwana tara ya rage in cika shekara arba'in da huɗu, ban taɓa barin shafi fari ba. Daga nan gidan nazari za su karɓi littattafan." Ya yi tari. "Ke kaɗai kika san inda nake kafa shi, tunda sa ido ne sana'arki. Koda yake hannun da bai iya ninke zani daidai ba, ina zai iya?"

Wannan maganar ce ta kai ta sama, ba tausayi ba. Ta sauko ta cilla masa takardar a kan bargo. Ya kai ta kusa da hanci, ya yi tsaki.

"Wannan ɗigon na uku kashin ƙuda ne."

"To ni na aiki ƙudan?"

"Ki girgiza takardar. In ya bi ta, datti ne. In ya tsaya cak, na rana ne. Kuma kika kuskura kika leƙa ciki, idonki ya tafi."

Kwana biyar tana zanawa yana kushewa. A na shida ta sauko da takarda ta tarar da ƙofar a buɗe, an ja masa bargon har ka, rai ya yi halinsa. Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ma ya turnuƙe ta, mutum ya ɗora maka aiki ya zame.

Washegari ɗansa, wani direban babbar mota da ba a ganinsa sai shekara-shekara, ya fara fito da kaya. Ya tara littattafan a bakin matakala.

"Ina za ka da su?"

"Bola, Inna. Wannan shirmen ne ya hana shi sanin yana da iyali."

"Kwana uku ya rage."

"Ke da ko ga maciji ba ku yi, yau ke ce mai kare shi?"

"Ban ce ina son ubanka ba. Mugun tsoho ne, baki gare shi kamar reza. Amma ka taɓa takarda ɗaya, wallahi sai unguwar nan ta taru a kanka."

Ya ɗaga kafaɗa ya bar mata. Sawu shida ta yi tana jidarsu da bahon wanki.

A ɗakinta ta buɗe ɗaya, don ta ga abin da ya cinye ran mutum. Kowane shafi da'ira ce da ɗige-ɗige, a ƙasa kuma layi guda na bayani. Ranar da babu rana ya rubuta "Hadari." Sai ta ci karo da wani: "Shanyar Mai wanki, rabin rana kawai na samu." Ta juya. "Mai wanki ta tare." Ta ɗauko na wata shekara. "Mai wanki ba ta hau ba, an ce zazzaɓi. Haske sarai." Washegarinsa: "Har yau ba ta hau ba." Na gaba: "Ta dawo. Ta tare."

"Munafuki," ta ce. "Har masana sai sun karanta ni."

Ranar ƙarshe ta hau da bahonta cike da jiƙaƙƙun zannuwa, ta ajiye shi a gefe. Ta kafa bututun a kan alamun da ƙafafunsa uku suka ci a siminti. Rana ta sauka a takardar da tabo biyu. Ta girgiza, suka tsaya cak. Ta bi su da fensir, ta lashi bakinsa, ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙenta masu karkata: "Babu shanya."

Igiyar na lilo a bayanta, ruwa na ɗiga daga gefen bahon.