Allon Da Ya Tsallake Ƙofa Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, shi ya sa duk wanda ya ce mini garinmu yana mutuwa nakan tambaye shi wa ya ƙirga. Gaskiya ne an rufe firamare biyu, matasa kuma sun tafi Tokyo ba sa leƙo mu sai lokacin ziyarar kaburbura. Amma tsohon benenmu mai gida arba'in, wanda hukumar gari ke kira kango, shekara uku ke nan ba a rasa kukan jariri a cikinsa ba. Iyalai goma sha ɗaya 'yan Nepal sun tare, mu tsofaffi gida tara ne.

Sai aka ce za a rushe benen a bazara, a mayar da mu sababbin gidaje kusa da tashar jirgin ƙasa, na katako, masu lantarkin rana, ba matakala. Na ji daɗi, gwiwoyina sun fi ni jin daɗi.

Ina cikin ɗaure littattafai sai maƙwabciyata Kopila ta shigo da kwanon miyar wake. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana da 'ya'ya mata biyu.

"Kaka, har kin fara haɗa kaya? Ba kya jira takardar neman gida ta zo?"

"Wace takarda? Ai tun lokacin kaka muka cike tamu. Ku wace lamba aka ba ku?"

Ta ajiye kwanon a hankali. Ta ce wasiƙar hukuma ta nuna takardar za ta biyo ta hannun ƙungiyar unguwa, ita kuwa tana nan tana jira wata huɗu.

Nan take na gane. Takardar ta biyo allon sanarwa ne, wanda ake miƙawa ƙofa ƙofa, kowa ya karanta, ya buga hatiminsa, ya kai wa na gaba. Jerin sunayen da ke jikinsa gida tara ne. Ni da hannuna shekara uku ina wuce ƙofar Kopila da allon nan a hammata, ina gaishe ta, ban taɓa tambayar kaina ba. Ni mai tutiyar ba a yi mini ƙarya da lamba.

Na ɗauki sandata na sauka wurin shugaban ƙungiya, Kuwabara Shigeo, wanda na koyar yana ɗan shekara sha uku.

"Shigeo, gida nawa ne ke da mutane a benen nan?"

"Haba Malama, a bakin ƙofa za a yi mini jarrabawa?"

"Tun kana aji ɗaya kake amsa tambaya da tambaya. Nawa?"

Ya sosa sanƙonsa. "Ashirin. Amma wallahi don tausayi ne. Duk wanda sunansa ke allo sai ya fito kwasar dusar ƙanƙara da sassafe, su kuwa aiki ya yi musu yawa. Ba su da hatimi. Rubutunmu kuma mai wuya ne, kar a ba su kunya."

"Ka tambaye su?"

"Ai tambayar ma takurawa ce."

"Matar nan da rubutunmu ta ci jarrabawar kula da tsofaffi. Kai sau biyu na maimaita maka lissafin rabawa."

Ya sunkuya ya ba da haƙuri, irin sunkuyon da ba ya ɗaga komai daga ƙasa.

Washegari muka tafi ofishin gari ni da Kopila. Wani saurayi mai suna Nonomura ya kawo mana shayi, ya saurare mu har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce an rufe karɓar takardu tun watan Nuwamba.

"Gida nawa kuka gina, ɗana?"

"Ashirin da huɗu, Malama Hagiwara."

"Tara daga ashirin da huɗu?"

"Sauran sha biyar an keɓe wa iyalai matasa. Kin san halin da ake ciki, garin yana buƙatar yara."

Na nuna masa Kopila da sandata. "Shekararta talatin da ɗaya. Yaranta biyu suna makarantar da kuke shirin rufewa. Ko ba ka ganinta ne?"

"Ina ganinta. Sai dai tsarin na masu ƙaurowa daga wajen gari ne. Ita mazauniya ce."

"To! Jiya baƙuwa ce, ba a kai mata allo ba. Yau 'yar gari ce, ba a ba ta gida. Wa ya zauna ya ƙulla wannan?"

Ya ce ba kowa, kowane sashe ya bi ƙa'idarsa. Na yarda da shi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ce a ba ta nawa, ni in koma wurin ƙanwata. Ya ce ba a sauya suna. Na ce a kira mini na sama da shi. Na saman ya zo, ya fi shi iya sunkuyo.

Kopila ce ta ja hannuna. "Kaka, tashi mu tafi, kar jininki ya hau a kaina. Ranar hutuna ce, ba na son jinyar kowa."

Na rubuta wasiƙa shida. An amsa biyu, an gode mini bisa kishin gari. Masu gidajen haya da muka zaga kuwa, da sun ji sunanta sai ɗakin ya zama an riga an kama.

A watan Maris Kopila ta sami aiki a birnin Sendai, da gida. Iyalai takwas suka bi ta, sauran biyun suka nufi wasu garuruwa. Ranar tafiyarsu na tsaya a bakin motar kaya na ce, "Yanzu ai kin zama 'yar wajen gari. Ki cike takarda daga can, dole su ba ki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kaka, ke dai ba kya gajiya. Na riga na sa yaran a makaranta. Ba zan sake cire su ba."

Ta rungume ni, abin da ba ma yi a nan, ta hau mota.

Sabon gidana yana da ɗumi, ba zan yi masa ƙarya ba. Tagogin gilashi ninki uku ne, ba ka jin motsin kowa. Da safe in na fito shan iska nakan bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ƙofa ashirin da huɗu, tara ne masu labule.