Mai Tuya Ta Ce

Ranar Talata ce da hantsi. Masniah ta zuba ayaba a kasko zubi na biyu ke nan, sai ta hango Ruslan, ƙanin mijinta, yana hawo matakalar katako da buhu a kafaɗa. Buhun ta fara ganewa kafin ta lura da fuskar mai ɗauke da shi. Da shi mijinta Jamhari ke tafiya birnin Banjarmasin duk bayan wata uku ya ciko tsofaffin littattafai, ga ma facin da ta yi masa da shuɗin zare.

"Ina mai buhun?" ta ce. "Ko ya tsaya shan shayi ya mai da kai ɗan dako?"

Ruslan ya sauke buhun a hankali, ya cire hularsa. Ya ce a tasha abin ya faru. Jamhari ya sayi tikitin komowa gida Amuntai, ya zauna kan benci da buhun a tsakanin ƙafafunsa. Da mota ta cika, direba ya taɓa kafaɗarsa, ashe rai ya yi halinsa. Direban ya san shi, shi ya bugo waya, shi ya taho da buhun. Gawa tana hanya.

Masniah ta kwashe ayabar tsaf don kada ta ƙone, ta kashe wuta, sannan ta zauna a ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya suka yi a barandar nan mai kallon kogi. Hagu nata ne, kasko da tiren soyayyar ayaba. Dama nasa ne, kanta huɗu cike da littattafan haya. Babu irin da babu: na soyayya, na 'yan sandan ciki, na tarihi, na addini, na girki, na gyaran injin jirgin ruwa, na kiwon agwagi. Doka ɗaya ce tsakaninsu, mai hannun mai ba ya taɓa littafi. Ita kuwa ba ta taɓa jin haushin dokar ba. A aji uku aka cire ta daga makaranta, karatunta bai wuce ta haɗa baƙaƙen allon shago da kyar ba. Abin da ta sani na littattafan ta kunne ya shigo. Kullum bayan la'asar, idan ciniki ya lafa, Jamhari yakan ja kujerarsa kusa da murhu ya karanta mata da ƙarfi, ita tana ɓare ayabar gobe tana tanka wa mutanen cikin labarin kamar maƙwabtanta ne.

Bayan sadakar bakwai 'yarta Hairiah ta koma wurin aikinta, bayan ta roƙe ta ta biyo ta birni da zarar ta fita takaba. Ruslan ma hakan ya gani. Ya ce yanzu kowa ya dulmuya a waya, littattafan nan kuwa ba a gane kansu sai da mai su. Akwai wani mai sayen tsohuwar takarda a kan sikeli, yana sayar wa masu ƙunshe gyaɗa da busasshen kifi a kasuwa. Zai kawo shi bayan sadakar arba'in.

"Yaya, ba don na raina ki ba," ya ce. "Amma idan mutum ya zo ya ce me zan karanta, me za ki ce masa?"

Ai tambayar ita ce sana'ar. Jamhari yakan dubi mutum sau ɗaya ya miƙa hannu kan kanta ba tare da ya waiwaya ba. Duk da haka, tunda barandar cikin gida take, sai ta ɗage labulen kantocin, don ba ta iya jure ganinsu a rufe kamar su ma an yi musu sutura.

Abin bai yi kyau ba. Da launin bango da kauri take zaɓa. Wata budurwa ta nemi labarin da zai sa ta kuka, Masniah ta ga littafi mai hoton faɗuwar rana a kan ruwa ta miƙa mata da tsumma a hannu. Washegari yarinyar ta dawo da shi tana ƙunshe dariya, ta ce, "Inna, na yi kukan kuwa. Cututtukan agwagi ne tun daga farko har ƙarshe." Limamin ƙaramin masallaci ya tafi da wani mai baƙin bango da ta zaci na wa'azi ne, ya dawo da shi a naɗe cikin jarida, ya ajiye, kunnuwansa sun yi ja. Daga nan masu zuwa suka ragu. Sukan sayi ayaba, su yi mata gaisuwa, su kauda ido daga kantocin.

Saura kwana uku arba'in sai ga Malama Norhayati, tsohuwar malamar firamare da ta fi shekara ashirin tana haya a wurin. Ciwon gwiwa ne ya hana ta fitowa tun ranar jana'iza. Ta zauna tana haki, ta dubi buhun da har yanzu ke ɗaure a lungu, ta ce to su waɗannan sababbin wa zai gaya wa mutane halinsu, tunda babu mai karanta wa Mai Tuya?

Masniah ta ce wace Mai Tuya?

Malama ta dube ta ta saman tabarau. "Ke dai kin cika wasa, Maman Hairiah. A barandar nan masu tuya nawa ne?"

Da ta ga da gaske ba ta gane ba, sai ta zaro littafi ta juya bayansa. A cikin bangon baya akwai koriyar takarda a liƙe. Wannan kam Masniah ta san da ita, ita ma ke dama masa kokon rogo da yake liƙawa da shi. Ta san duk wanda ya karanta littafi yakan rubuta ra'ayinsa a wurin don na bayansa. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ke cikin rubutun.

Littafin agwagin nan ne. Malama ta karanto na wani makiyayi: "Na bi shawararsa, bakwai sun mutu. Mai littafin nan bai taɓa ganin agwagwa ba sai a faranti." A ƙasa wani ya ba shi amsa: "Nawa sun rayu. Ka karanta shafi na sittin, ba ka tsaya a hotuna ba." Ta ɗauko na girki, wata ta rubuta cewa duk inda ya ce cokali biyu na sukari a sa ɗaya, sai dai idan ana son a kashe suruka. A bayan na gyaran inji wani mai jirgi ya bar zanen yatsansa da baƙin mai, ya ce littafin ya fi ƙaninsa amfani, kuma ba ya cin abinci.

Sannan ta zaro wani na soyayya mai kauri. A saman takardar, da ƙaramin rubutun Jamhari mai karkata, ta karanta: "Mai Tuya ta ce: mutumin nan ya yi shafi ɗari biyu yana kuka a kan mace, ko ruwa bai taɓa ɗebo mata ba. Kada ta aure shi."

Masniah ta ji kamar an kira ta daga wani ɗaki. Ta tuna ranar. Ana ruwa, ta faɗi maganar tana jefa ɓawon ayaba a kwando, shi kuma ya yi dariya har ya yi tari.

Malama ta ci gaba da zarowa. A na 'yan sandan ciki: "Mai Tuya ta gano ɓarawon tun a babi na uku, amma ta ce a ci gaba, matar ɓarawon ta cancanci a saurare ta." A na tarihi: "Mai Tuya ta yi gyangyaɗi sau biyu. Ta ce sarakuna sun yi yawa, ba a faɗi wa ke dafa musu abinci ba." A wani ɗan siriri na nasiha: "Mai Tuya ta ce wannan bai yi mata tsawa ba, shi ya sa ta ji." Malama ta ce rabin garin nan ba sa ɗaukar labari sai sun duba abin da Mai Tuya ta ce. Ita kanta sun sha saɓawa, ta nuna inda ta rubuta da jan biro cewa Mai Tuya ba ta yi wa wani marubuci adalci ba. Kowa ya ɗauka ta sani.

"Bai taɓa gaya mini ba," Masniah ta ce.

"Da ya gaya miki da kin fara tauna magana kafin ki faɗa. Ya san abin da yake yi, tsohon wayo."

Akwai wani mai ruwan ƙasa a kanta ta ƙasa da Malama ta ɗauko ta mayar da sauri. Masniah ta gane shi, labarin wata uwa ce da kogi ya ɗauke wa yaro. Su ma sun taɓa samun ɗa namiji, Sabran, shekararsa huɗu lokacin da ambaliya ta zo. Ta ce a karanta mata. Malama ta karanta da ƙaramar murya: "Mai Tuya ba ta ce komai ba. Ta bar ayaba ta ƙone. A karanta shi."

A ƙarƙashin wannan akwai rubutun mutane har takardar ta cika an ƙara wata. Masniah ba ta nemi a karanto su ba. Ta juya fuska wajen kogi, kwalekwale biyu suka wuce.

Bayan Malama ta tafi, sai ta wanke hannayenta da sabulu, ta goga lemun tsami, ta sake wankewa, ta shanya su a iska. Ta ɗaga matashin kujerar Jamhari. Littafin da suke kai yana nan inda ya bar shi, da tsinken kwakwa a tsakiya. Labarin wata mata ce da ta bi kogi gari-gari tana neman ƙanwarta. Sun tsaya daidai inda ta iso ƙofar wani gida ta ƙwanƙwasa. A ranar Masniah ta roƙe shi ya ƙarasa babin, ya ce a'a, kiran sallah ya kusa, idan ya dawo daga Banjarmasin za su ji wanda zai buɗe.

Ta juya bangon baya. Ya riga ya liƙa koriyar takardar. Ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har suka haɗu: Mai Tuya ta ce. Daga nan babu komai.

Washegarin arba'in Ruslan ya zo da mai sikeli. Masniah ta ba su shayi da ayaba mai zafi, ta ce wa baƙon ya yi haƙuri da wahalar da aka ba shi. Ruslan ya fara maimaita tambayarsa ta rannan, ta katse shi.

"Zan ce masa ya juya baya ya duba. Mutanen garin nan sun riga sun faɗa. Ni ma ashe na faɗa."

Ya ce damina za ta zo, ɗanshi zai cinye su, ita kuma ba yarinya ba ce. Ta ce duk gaskiya ne. Ya kaɗa kai ya sallami mai sikeli. Hairiah ta yi fushi a waya kwana biyu, sannan ta aiko da koriyar takarda ƙunshi guda.

Ba a ce ciniki ya dawo kamar da ba. Wata ranar mutum uku ne, wata ranar babu kowa. Ta kwance buhun, ta dama kokon rogo, ta liƙa wa sababbin takardunsu. Saman kowace a buɗe yake, wurin da ya saba rubutawa, kuma masu haya, ba tare da an gaya musu ba, daga ƙasa suke farawa. Budurwar nan ta agwagi ta rubuta a bayan wani cewa ya sa ta kuka na gaske wannan karon. Liman ma ya dawo, amma yanzu da kansa yake zaɓa.

Littafi ɗaya ne ba na haya ba. Malama ta ce za ta karanta mata ragowar a zama biyu, Masniah ta yi godiya ta ƙi. Kullum bayan la'asar takan kashe wuta, ta wanke hannu da sabulu da lemun tsami, ta zauna gefen kujerarsa, ba a kanta ba. Takan buɗe wurin tsinken kwakwar ta karanta da ƙarfi, yatsa a kan layi, tana tuntuɓe tana komawa baya. Rabin shafi ne iyakarta kafin ido ya gaji. An dai buɗe ƙofar, wani tsoho ne, ya ce ƙanwar ta tashi daga nan shekara biyu da suka wuce. Masniah ta gaya wa kujerar cewa ita tsohon nan ba ta yarda da shi ba. Sannan ta matsar da tsinken, ta mayar da littafin ƙarƙashin matashi.