Ƙwan Birnin Lalle

Wata uku kacal Mijinyawa, anfirmen asibitin Dakoro, wato malamin jinya, ya yi yana ƙaro ilimi a Dakar bayan samun mulkin kai, amma ya dawo da surutun shekara goma. Ko gaisuwa ka je, sai ka ji yadda ƙwayar agana ke shiga jiki: ido ba ya ganinta, amma a huda ƙwan da ya kwana goma sha biyu ƙarƙashin kaza, a ɗiga ruwan ƙurji, a liƙe da kyandir, a ajiye da ɗumi. Bayan kwana uku, in agana ce, fararen ɗigo su fito a tantanin ɗan tsakon.

Sai ƙuraje suka feso wa wata mata a Birnin Lalle. In agana ce, dole kwamanda mai mulkin yankin ya rufe kasuwa, ga gyaɗar fatake jibge. In ƙarambau ne, shi ke nan.

Mijinyawa ya ɗebo ruwan ƙurjin, ya aika wa Uwale, tsohuwa mai kaji, ta ciro masa ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Dalili? Ina ruwan baƙauya da dalili!

Uwale ta riƙe baki. "Likita guda in ba shi ƙwan kwanci? Wanga abin kunya ba da ni ba." Ta gwada ƙwai cikin ƙwaryar ruwa, ta zaɓo masa na ranar, sababbi fil.

Shi kuwa gwanin, ko haska su da fitila bai yi ba. Ya huda, ya ɗiga, ya liƙe.

Ranar fasawa kwamanda ya zo, fatake suka cika tagar asibiti. Mijinyawa ya sa farar riga ya fasa na farko. Kwaiduwa zalla, babu ɗan tsako balle tantani. Na biyu haka, na shida haka. Nan take ya san gwajin bai gwada komai ba.

"Mushe Mijinyawa, mi ka gani?" in ji kwamanda.

Kalma uku ce: a sake gwaji. Amma ya dubi idanun da wata da watanni yake cika wa baki, sai kunya ta hana shi faɗa.

"Babu ɗigo, ranka shi daɗe. Ƙarambau ne."

Fatake suka yi ta sa masa albarka. Kasuwa ta ci, har matarsa Ramatu, wadda bai taɓa samun sukunin yi wa lambar rigakafi ba, ta je sayen man shanu.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙuraje suka fito mata har tafin hannu, inda ƙarambau bai cika kaiwa ba. Mijinyawa ya juya hannun ya duba. Wannan karon bai aika neman ƙwai ba.