Laimar Kwaɗin da Aka Bari Ta Ƙosa

Yaya Nata'ala ya je Dutse taron bita na yini guda, ya dawo Miga a matsayin masanin noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci. Wanda ya zauna kusa da shi ya ce rabin bitar a gyangyaɗi ya yi ta. Amma dai ya riƙe abu ɗaya, wai akwai otal a Dutse da ke sayenta hannu bibbiyu.

Jari bai ba shi wahala ba, tunda matarsa Hassana tana da akuya mai ciki. Ragonsa na layya na nan a ɗaure, amma akuyar ya ja kasuwa ya sayar, ya dawo da ledoji cike da dusar katako da aka cuɗa da iri, ya jera su a ɗakin ajiya. Ya yi wa Hassana alkawarin dabba biyu kafin Babbar Sallah. Akuyar nan ita kaɗai ta mallaka a duniya, ni ƙanwarsa kam abin ya ƙona min rai.

Abin haushi, sai noman ya yi kyau. Laimomi farare tas suka ɓullo ta hujin ledojin, masu taushi, ƙarƙashin kowacce da siraran layuka kamar an tsattsaga da reza.

Na ce, "Yaya, ba yanzu ake cira ba?"

Ya yi min kallon tausayi. "Ke kin taɓa ganin an yanke gero ɗanye? Tun ba a haife ki ba nake noma. Sai ta ƙosa ta yi ƙwaya, in ware iri, sauran a kai Dutse."

Muka zuba ido muna jiran ƙwaya. Laimomin suka baje, wani farin gari ya riƙa zubowa daga layukan nan yana kwanciya a kan ledojin ƙasa. Yaya ya ce bununi ne, alamar ƙwaya na tafe. Har maƙwabta ya kira su ga albarka. Daga nan suka fara yaushi, suka koma ruwan ƙasa, ɗakin ya ɗauki wari.

Ranar da Muhyiddeen, mai yi wa otal ɗin cefane, ya iso a kan babur, daga bakin ƙofa ya toshe hanci.

"Malam, garin nan da ya zube ai shi ne ƙwayar tata, ba ta da wata. Ɗanya muke saye, tun kafin ta fara zubar da shi."

Yaya ya ce, "To busasshiyar fa, nawa za ku saya?"

"Wannan ba bushewa ta yi ba, ruɓewa ta yi."

Bayan tafiyarsa Yaya ya bayyana mana cewa mutanen birni ba su san amfanin gona ba. Yana cikin bayanin Hassana ta wuce ta gabansa, ta kwance ragon layyarsa, ta ja shi har turken akuyarta ta ɗaure tamau.

Ta karkaɗe hannu ta ce, "Malam, ɗaya ke nan. Saura ɗaya."