Ƙululun da Ke Wuyan Dodo

Ni mutum ne mai ƙiwar tashi daga kujera, wannan ba na musu. Shekara goma sha tara ina sassaƙa dodanni a kwamfuta, kuma duk abin da zan samu ba tare da na sa takalmi ba, shi ne mai kyau a wurina.

Aikin da aka ba ni wani tsohon dodo ne na wasan kwamfuta. Na gama sassaƙa shi, saura fata. A ofishinmu duk abin da ake lulluɓa wa siffa, ko ƙarfe ne ko ɓawon itace, fata muke ce masa. Fatar da ta zo a cikin manhajar da muke aiki da ita sumul take kamar ta jariri, Oga kuwa ya ce fatar da ta sha duniya yake so. Mai hankali zai fita ya ɗauko hoton tsohuwar bishiya. Ni sai na miƙa wa uwargida waya, na sunkuya, na ce ta ɗauki ƙeyata, ta matso sosai.

"Yanzu duk garin nan a rasa wuyan da za a ba dodo sai na mijina?"

"Ke dai ɗauki."

"Ai kuwa ya dace," in ji ta. "Daina numfashi, ninkin yana motsi."

Da safe a ofis na zauna na haɗa fatar. Na goge hasken ɗaki daga hoton, na ware launi, na ware sheƙi, na fitar da taswirar tudu da kwari mai fari da baƙi, wadda ke gaya wa manhajar inda fata ta taso da inda ta lotsa. Na shigar da su, na ja na ɗora wa dodon. Ta zauna masa ɗas. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne ban ƙara mata tsufa ko kaɗan ba.

Sai na juya fitilar da ke haska dodon a cikin manhajar zuwa gefe.

A ƙasan kunnensa akwai ƙululu, zagayayye, mai inuwarsa. Da yake fatar maimaita kanta take yi don ta rufe jiki, sai ga shi a kafaɗa, ga shi a ciki, ga shi a cinya. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Ban sassaƙa ko ɗaya ba. Daga hoton ya fito, hoton kuwa wuyana ne.

Na baba ma a wuya ya fara, kamar ƙwayar wake. Wata bakwai ya yi ya rasu.

Na kai hannu ƙeya na lalluba. Ban ji komai ba, sai dai baba ma haka ya yi ta cewa.

A gida uwargida ta haska da tocila, ta danna, ta murza.

"Baban yara, ba komai a nan sai wuyan da ke kewar soso."

"Idonki ba ya ganin abin da na'ura ke gani."

"To na'urar ta dafa maka abinci."

Ta yi dariya, amma na ga ta sake haskawa da ta zaci ban lura ba. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na yanki katin likita, aka ba ni Alhamis. Kwana uku ina zuwa ofis ina zama gaban dodon kamar mai jinya. Kullum ina ganin ƙululun ya ƙara girma, ban kuma yarda cewa ni ke ƙara matso da shi ba. Na rubuta wa uwargida lambobin sirrin kwamfutata a bayan ambulan. Na kalli autarmu tana ɗaure takalmin makaranta, na shige banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ranar Laraba Mai Haske, wadda teburinta ke jikin nawa kuma ita ke haska duk abin da muka sassaƙa, ta gangaro da kujerarta.

"Kawu, dodon nan kake jira ya yi magana? Tun Litinin nake jiransa."

Na nuna mata da yatsa. "Wuyana ne. Gobe zan ga likita."

Ta daina murmushi. Ta sa tabarau, ta karɓi linzamin kwamfutar, ta juya dodon hagu, ta juya shi dama.

"Kawu, tun yaushe ninkin wuya yake tasowa sama kamar igiya?"

"Ni na ɗauka jijiyoyi ne. Har Oga ya yaba."

"Manhajar da ka haɗa fatar, fari ne tudu a wurinta. Wannan da kake duba dodon a ciki kuwa, baƙi ne tudu. Kai ka koya mini, shekara shida da suka wuce."

Ta danna wani ɗan akwati a gefen allo. Ƙululu arba'in da ɗaya suka lotsa ciki a tare.

Rami ne, tabon ƙarambau da na sosa ina aji ɗaya.